Layin Jan Farce a Kofin Gwaggo

Gwaggona, yayar mahaifina, a kicin ɗin wata masaƙa ta yi furfura, tana dafa wa ma'aikata abincin rana. Cika-Kwano suke kiranta, kuma ta ci sunan. Ba ta taɓa ɗibar gari ta bar shi sako-sako ba. Sai ta girgiza kofin, ta buga gindinsa a tebur, ta danna da babban yatsa, ta ƙara. A wajenta awon da iska ta shiga cikinsa rowa ne.

Bayan ta ajiye aiki, ciwon sukari ya kama mijinta, tsohon direban bas, mutumin da sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarsa. Wani ɗan ƙurji ya fito masa a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Likita bai yi masa kwana-kwana ba: in sukarin bai sauka ba, za a yanke yatsan. Garin masara kuwa, da shi ya saba tun yana yaro, kada ya wuce giram hamsin a zama ɗaya.

Gwaggo ba ta san giram ba, ba ta kuma nemi sani ba. 'Yarta mai aiki a kantin magani ta tafi da wani kofin roba wurin aikinta, ta riƙa zuba gari da cokali a kan sikeli har ya kai hamsin, sannan ta ja layi da jan farce daidai inda ya tsaya.

"Inna, kin ga nan? Kada ki wuce shi."

"Ni yarinya ce? Na gani."

Ba ta taɓa wuce layin ba, wannan kowa shaida ne. Amma hali zanen dutse. Tana kaiwa layin sai ta girgiza, ta buga, ta danna, gari ya kwanta, wuri ya samu, ta ƙara. Ita kanta ba ta san tana yi ba.

Sukari ya ƙi sauka. Aka taso tsoho a gaba. Aka caje aljihunsa ana neman alewa, aka je aka ja kunnen mai shagon bakin titi. Gwaggo ce kan gaba wajen faɗa.

"Malam, ka ji tsoron Allah, ƙafarka ce fa!"

Ya rantse sau ɗaya tak cewa ba ya cin komai a ɓoye. Ni ma a lokacin na ɗauka yana satar ci.

Ranar da 'yar ta sayo ƙaramin sikeli ta kawo gida, ina wurin. Ta ce a auna kamar kullum. Gwaggo ta auna, daidai layi, har tana harararmu. Aka juye a kan sikeli, ya nuna kusan saba'in. 'Yar ta sake zubawa da cokali har layi, ba ta girgiza kofin ba, ya nuna hamsin.

Gwaggo ta daɗe tana kallon ɗan garin da ke kan farantin sikelin.

"Wannan ne abincin mutum?"

"Shi ne na Baba."

Gwaggo ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ba kowa haƙuri ba, don ba halinta ba ne. Ta ɗauraye tukunya ta ɗora ruwa.

Yanzu da sikeli take awo, hannunta na hagu a bayanta kamar wadda aka kama. Ƙurjin ya bushe, yatsan yana nan. Sai dai ta daina zama kusa da shi in yana cin abinci. Takan ajiye masa kwanon ta koma kicin ta tsaya a gaban famfo. Daga can tana jin cokali yana kankarar gindin kwano, ya daɗe yana kankara. Bai taɓa cewa a ƙara masa ba, ita kuma wannan ne ya fi mata zafi.