Farantin Goron da Ya Ci Gonar Baba

Ranar wata Asabar a ƙarshen watan Maris na shekarar 1987, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ina tsaye a bakin gonar babana riƙe da galan ɗin ruwan da ya fi ƙarfina, na ga wuta ta tsallake iyakarmu ta kama shingen maƙwabci. Baba ne ya kunna ta da hannunsa, da bisimillarsa da komai, don ya share busasshiyar ciyawa da karan masarar bara kafin shuka, kamar yadda ya taso ya ga ana yi a ƙauyensu. Iska ce ta juya masa baya. Kafin ya ce in miƙo ruwan, wutar ta lashe shingen katakon Mista Ken, ta cinye sandunan da yake ɗaura wa wakensa, ta fara lasar ɗan ɗakin da yake ajiye kayan aiki. Baba ya tuɓe kwat ɗinsa yana ta jibgar wuta da ita yana salati, ni kuwa na daskare da galan a hannu kamar an dasa ni. Har yau idan na ji ƙaurin ciyawa, sai in ji jiniyar 'yan kwana-kwana a kunnena.

Gonar da nake faɗa ba wata gona ba ce, da ƙyar ta kai tsakar gidan mai iyali. A bayan unguwarmu ta Abbey Wood a Landan, inda gari yake ƙarewa dawakai suke kiwo a fadama, akwai wani fili da ƙaramar hukuma, wato council, ta yayyanka ƙanana tana bai wa masu son noma, su suna ce masa allotment. Baba ya daɗe a layi kafin a ba shi nasa. Direba ne shi, yana tuƙa wani Alhaji mai gida a Marylebone, tun safe yana zaune a mota yana jiran a gama sayayya ko a fito daga asibiti. Amma ranar Asabar, sai ya saɓa fartanyar da ya taho da ita daga gida, ya tasa mu gaba ni da ƙanena Auwalu. Turawa suna tona ƙasa da cokali mai yatsu irin na noma a tsaye, shi yana duƙe yana huɗa, suna leƙowa suna kallonsa. Ya shuka alayyafo da albasa da kabewa da masara, suka yi. Kuɓewa da yakuwa kuwa suka ce ba da su ba, kowace shekara sai ya gwada, kowace shekara sai sanyi ya kashe su, bai taɓa daddara ba. Aikinmu cire ciyawa da tsince dodon koɗi muna zubawa a gwangwani, in mun gama in gudu wajen Tracey, jikar Mista Ken, 'yar ajinmu, in koya mata 'yar carafke da tsakuwa, ita ta koya mini tsallen igiya. Baba yakan miƙe ya dafa ƙugu ya ce, "A nan kaɗai nake jin ni ɗan gidanmu ne." Lokacin ban san abin da yake nufi ba, ni dai yunwa nake ji.

Ba wai Turawan ba sa ƙona shara ba ne, suna yi, amma a cikin durom, a kusurwa, da bokitin ruwa a gefe. Ba wanda ya taɓa ganin an cinna wa fili guda wuta a tsaye. Abin da ya ƙara dagula lamarin, da aka kashe wutar sai aka tarar da bushiya a ƙarƙashin shingen, ta ƙone tana barcin sanyinta. Wayyo, mutanen nan da son bushiya! Tracey ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Ranar Litinin duk makaranta ta sani, yara suna toshe hanci in na wuce suna cewa ina ƙaurin hayaƙi, wani ƙaton yaro ya ce wai gasa ta muka yi za mu ci. A filin wasa na tsaya jikin bango ni kaɗai, igiyar tsalle tana ta juyawa ba wanda ya kira ni.

Aka aiko wa Baba cewa ya zo taron unguwa na wata-wata, a can za a yanke ko za a bar masa filin ko za a karɓe. Ya riga ya sayo katako, shi da Mista Ken sun gyara shingen tare, amma barci ya ƙaurace masa, abinci ma sai Umma ta matsa. Ana gobe taron ya tafi Woolwich wajen wata 'yar Gana mai sayar da kayan gida, ya zaɓo farin goro manya-manya. Umma ta ciro farantinta mai furanni daga cikin kayan ɗakinta, wanda ko baƙi ba kowa ake ba abinci a ciki ba, ta wanke, ta jera goron, ta rufe da farin leshi. Na ce masa da Turanci, don a lokacin bakina ya fi saurin Turanci, nan ba a yin haka. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke Hadiza, a ina kika taɓa ganin an je gaban mai unguwa hannu rabbana? Kuma ni mai laifi?" Ya ƙara da cewa ni zan riƙe farantin.

A zauren cocin unguwa ake taron, kujerun ƙarfe a jere, da teburin shayi a gefe. Wadda take jagoranta Misis Holt ce, wakiliyar unguwarmu a council, doguwa mai tabarau a ƙirji. Baba ya ci babbar riga da hula, yana zuwa ƙofa ya tuɓe takalmansa ya ajiye, ya shiga da safa a kan simintin nan mai sanyi, alhali kowa da takalminsa har da masu taɓo. Tun daga nan na fara jin fuskata tana zafi. Na lallaɓa na zauna kusa da teburin shayi, dab da inda shugabannin suke, na tura farantin ƙarƙashin kujera. Aka yi ta magana a kan fitilun titi da suka mutu, da bas ɗin da ba ya zuwa a kan lokaci, da kashin karnuka a hanyar makaranta, da dawakan da suke kutsawa filin wasan yara. Wata tsohuwa ta yi ta masifa a kan ramin da ke ƙofar gidanta kamar za ta daki wani. Ni addu'ata ɗaya, Allah ya sa su gaji su tashi kafin a zo kanmu.

Ina! Aka kira sunan Baba. Ya taso, ya miƙo mini hannu na ba shi farantin, ya taka har gaban teburin, ya durƙusa. Babana, da furfurarsa, gwiwa a ƙasa a gaban zaure guda. Ya ɗora farantin a gaban Misis Holt ya yaye leshin, sannan ya shiga gaisuwa da Turancinsa na direbobi, yana tambayarta gajiya, da iyali, da sanyi, yana ƙarawa da ranki ya daɗe. Wani ya ƙyalƙyale da dariya ya mayar da ita tari. Fuskar matar ta yi ja wur har wuya. Sai wani mutum daga baya ya ɗaga murya ya ce a rubuta, an kawo wa shugaba cin hanci a gaban jama'a. Baba ya waiwayo yana neman idona in tabbatar masa abin da ya ji, ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon safarsa, wadda ta huje a dunduniya. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Baba ya ce, "Cin hanci? Goro? Gaisuwa ce, gaisuwa kawai."

Mista Ken, Allah ya saka masa, ya miƙe ya ce shingensa ya fi na da kyau, a ja wa mutumin nan kunne a bar shi ya yi nomansa. Misis Holt ta karkata wajen sakataren da ke gefenta suna magana ƙasa-ƙasa, kuma ni ce mafi kusa da su, na ji komai. Ta ce da ma gargaɗi ta yi niyyar yi masa, amma yanzu ga kyauta a kan tebur, ga ido a kanta, in ta bar masa filin gobe za a ce saye ta aka yi. Ta gyara tabarau ta sanar cewa saboda haɗarin gobara, Baba ya kwashe kayansa kafin ƙarshen wata. Shi kuwa, bawan Allah, ya yi mata godiya, har sau nawa. Ya juyo ya ce, "Hadiza, ɗauko farantin." Na taka gaban mutane na ɗauka, goro ɗaya ya faɗo ya gangara ƙarƙashin kujeru, Baba ya nuna mini shi da baki. Haka na rarrafa tsakanin ƙafafun mutane na ɗauko, a daidai takalmin uwar Tracey.

A hanyar gida na cusa farantin cikin kwat ɗina na yi gaba, ban yarda mun jera ba. Kunyarsa nake ji, kunyar rigarsa da safarsa da durƙusonsa, haushinsa kuma ya cika mini ciki. Da muka hau flat ɗinmu Umma ta tare shi a ƙofa, ya ce mata gona ta tafi, amma a gode wa Allah. Ya ce, "Mutanen nan sun yi mini adalci. Ba don na je da goron nan ba, da 'yan sanda za su haɗa ni." Ta yaya zan gaya masa cewa wutar an yafe masa ita, ladabinsa ne ba a yafe ba? Ya rataye fartanyar a bayan ƙofa, ya koma shuka barkono a robobin fenti a baranda, yana juya su suna bin rana. Ya sake shiga layin neman fili, har ya yi ritaya ya koma gida layin bai zo kansa ba. A can ya rasu, kuma har ƙarshe in labarin ya taso sai ya gaya wa mutane yadda goro ya cece shi a Landan.

Yanzu ina da fili a wannan wurin, ba nisa da inda nasa yake. Hagu da dama 'yan Gana ne da Yarbawa, ko'ina alayyafo da kabewa, har wani ya ci nasarar kuɓewa a cikin rumfar leda. Ranar taro mata suna zuwa da kulolin dafa-duka su jera a teburin shugaba, kowa ya ci ya suɗe hannu, ban taɓa jin an kira shi cin hanci ba. A ƙofar shiga akwai wani tsohon allo da ya hana kunna wuta, wanda aka kafa bayan tamu, masu wucewa ba su san dalilinsa ba. Farantin yana wajena, furanninsa sun koɗe. Kunyar ma tana nan, sai dai ta sauya gida, yanzu ta yarinyar nan nake ji, wadda ubanta ya waiwayo yana neman idonta ta sunkuyar da kai. Da zan samu wannan tafiyar zuwa gida kuma, da a gefensa zan taka, farantin a kaina.