Ƙarshen da Likita Ya Ɗinka

A bakin shagon hayar littattafai na ƙanwarsa yake zama, a kan wani benci mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da bulo. Kayan aikinsa ba su da yawa: basilla, zare mai ƙwari, reza, gwangwanin gam, kwalin da yake yankowa daga akwatunan sabulu, sai wani tsohon ƙarfen mota da yake danne littafi da shi har gam ya bushe. 'Yan layin suna ce masa Likita, domin littafi ya zo hannunsa rai kwakwai mutu kwakwai, washegari ka gan shi ya miƙe ya koma bakin aiki.

Aikin kuwa ba ya yankewa. Rabin shagon littattafan soyayya ne, ana karanta su a kicin da hannun mai, yara su ja, a manta su a taga ruwa ya taɓa. Shafukan baya su ne ke fara zubewa. Likita yana da ƙa'ida biyu da ba ya karyawa. Ba ya ɗinke littafi sai ya bi shafukan ya ga lamba ta bi lamba. Kuma ba ya zubar da takarda: duk abin da ya ragu, liƙe shi yake yi a cikin bango don ya ƙara masa kauri. Wajen bin shafukan nan ne ya karance kusan duk abin da ke shagon ba da niyya ba.

Akwai irin labaran da idan ya zo kansu hannunsa yake yin sanyi. Saurayi ya yaudari budurwarsa ta fari, ya tafi, duniya ta yi masa atishawar tsaki, ya dawo gashin kansa da furfura, ita kuma ta yi kuka ta yafe masa, su ƙarasa rayuwa tare. Ya ɗinke irinsu ba adadi, kuma kowanne ji yake da shi ake.

Yana saurayi ya so wata yarinya da ke karatun koyarwa. Magana ta yi nisa, iyaye sun sani, sai ya sami aiki a wata maɗaba'a a wani gari, ya tafi da alkawarin zai tara abin da ya samu ya dawo. A can ya auri 'yar mai gidan da yake haya. Bai iya zuwa ya faɗa da bakinsa ba. Ƙanwarsa ya aika, tana 'yar makaranta, da hotunan yarinyar a cikin ambulan. Daga baya maɗaba'ar ta rufe, matar ta rasu ba su haihu ba, ya dawo gida da basilla da zare.

Ita kuwa ta yi aure, ta haihu, ta koyar har ta yi ritaya, mijin ya rasu. Malama ake ce mata. Duk mako tana zuwa shagon da ƙafarta ta canza littafi. Ta wuce gaban bencinsa ta ce, “Sannunku da aiki,” gaisuwar da ta haɗa shi da bencin da gwangwanin gam, ta shige. Kullum yana shirya abin da zai ce, kullum ta fito ta tarar da shi ya duƙufa kan zare kamar wanda aka ba aikin gaggawa. A littattafai jarumi kan yi hatsarin mota, ko ciwo ya kwantar da shi, ita ta zo asibiti da gudu. Ya taɓa faɗa wa ƙanwarsa haka, ta ce hawan jinin nasa ma bai kai na ba da gado ba, ya nemi wata dabarar.

Ran nan ƙanwar ta ce masa Malama ta sayar da gidanta, za ta koma wurin ɗanta a can nesa, ba kuma dawowa za ta yi ba. Basilla ta shige masa yatsa bai ji ba. Abinci ya daina shiga. Ya lissafa cewa idan ta tafi bai nemi gafararta ba, to sai dai a haɗu inda ba a gyara ɗinki.

A cikin kwanakin aka kawo wani littafi mai koren bango, ɗinkinsa ya saki. Yana bin shafuka ya ga kamar marubucin a gidansu ya girma: saurayin ya tafi aiki, ya yi aure a can, har aike ya yi aka gaya wa yarinyar. Likita ya ruga babin ƙarshe. Matar ta saurari mutumin har ya gama, ta rufe ƙofarta. Shi ke nan.

Ya daɗe yana kallon shafin. Sannan ya sa reza ya yanke babin gaba ɗaya. A kwandon matattun littattafai ya samo wani mai girma ɗaya da rubutu iri ɗaya, wanda ba abin da ya rage masa sai ƙarshe, ƙarshe mai kyau, da hawaye da yafiya da komawa. Ya kankare sunayen mutanen da bakin reza, ya rubuta na koren littafin da siririn biro, harafi kamar na inji. Ya gyara lambobin shafi. Babin da ya yanke kuwa, hannunsa da kansa ya shafa masa gam ya liƙe a cikin bangon, yadda ya saba. Bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

Ya roƙi ƙanwarsa ta ba Malama. Ta ce a'a.

“Yaya, sau ɗaya ka aike ni wurin matar nan, na yi shekaru ban iya bin layinsu ba. Ni da kai aike ya ƙare.”

Ya yi ta magiya, har da tuna mata ɗawainiyar da ya yi da ita tana ƙarama. Daga ƙarshe ta ce za ta ajiye shi a kan tebur, ba ta ba ta ba, ba ta hana ta ba. Malama ta zo, ta juya shi, ta sa a jaka.

Da ta dawo ba ta shiga shagon ba. A gaban bencin ta tsaya, inuwarta ta rufe masa aiki.

“Likita,” in ji ta, “wannan majinyacin naka ƙafar wani ka ɗinka masa.”

Ya ɗago. Ta buɗe littafin ta nuna masa da yatsa, yadda take yi wa ɗalibai. Uwar yarinyar ta rasu tun a babi na huɗu, an yi zaman makoki, an watse. Ga ta nan a shafin ƙarshe garau, tana sa wa ma'aurata albarka. Ya bi suna, ya bi lamba, ya manta da tsohuwa. Malama ta ce ta ƙare ƙuruciyarta tana kama masu satar amsa, ba ta taɓa ganin mai tashin matattu ba sai yau. Ƙanwarsa daga ciki ta yi tari don ta ɓoye dariya. Malama ba ta yi dariya ba.

“Da can ƙanwarka ka aiko. Yanzu littafi ka aiko. Kai ba ka da ƙafa ne?”

Ta ajiye masa littafin a cinya. Ta ce motar kaya za ta zo ranar Asabar da safe, kuma ita ba ta barin labari a tsakiya, ya nemo mata ƙarshensa na gaskiya.

Nan gam ɗin da yake alfahari da shi ya zama abokin gabarsa. Ya kanga bangon a bakin butar shayi tururi ya bugi kwalin, ya bi da reza a hankali. Takardar ta riƙa fitowa ɓalli-ɓalli, tawadar wani shafi ta hau kan wani, wasu layukan suka tafi da kwalin. Ƙanwar ta ce ya bari ta tambayi masu kawo mata kaya ko akwai wani kwafin. Babu. Abin da ya tsira bai wuce 'yan yage-yage ba, ya jera su a kan farar takarda ya liƙe, tsakaninsu duk ramuka.

Ranar Asabar ya sa rigarsa mai dama-dama ya tafi. Ya tarar an fito da kujeru, ana ɗaure katifu a bayan mota, Malama na tsaye a ƙofa tana nuna abin da zai hau da abin da za a bar wa maƙwabta. Ya miƙa mata littafin da takardar. Ta duba ramukan, ta ce wannan ai ba ya karantuwa, ya gaya mata da baki yadda aka ƙare. Ya ce matar ta rufe ƙofarta. Ta ce to, ashe marubucin yana da hankali.

Bai tafi ba. A gaban masu lodi ya faɗi abin da ya yi tun daga farko, bai rage ba, bai kawo uzuri ba. Ya ce tsoro ne ya hana shi zuwa a wancan lokacin, kuma tsoron ne ya zaunar da shi a benci duk shekarun nan. Ya roƙe ta ta yafe masa. Sauran maganar, ta su ƙarasa rayuwa tare, wadda ke shafin ƙarshe na littattafan, ta zo masa har maƙogwaro, sai ya ga an ɗauko gadonta an ɗora a mota.



“Da ka zo da wannan tun tuni, da ka rage wa kanka asarar gam,” in ji ta. “Na yafe maka. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Matsa, ka tare wa mota hanya.”

Ya matsa. Ta shiga motar, ta mayar masa da littafin ta taga, ta ce na shago ne, kada ƙanwarsa ta ce ta gudu da kayanta.

Har yanzu yana nan a bakin shagon. Koren littafin ya cire masa ƙarshen aro, ya ɗinke shi da takardar mai ramuka. Masu haya suna dawowa da shi suna ƙorafi, wai ba a gane ko ta yafe ko ba ta yafe ba. Ƙanwarsa takan nuna musu benci ta ce su tambayi Likita. Shi kuwa sai ya ce su kawo na gaba, gam yana bushewa.