Ranar da na yi wa waziri rigar leda

Har gobe ban manta da ranar Alhamis ɗin da na yi wa waziri rigar leda ba, kuma tun kafin ku tambaya, ba wanda ya aike ni, wautata ce ta kaina. Ku sababbin direbobi da kuke ganin furfurata kuna cewa Baba Ado ya san aiki, ku gyara zama ku ji iyakar sanina. Firamare ma ban gama ba, ɗan abin da na yi kuwa yawancinsa a kan bishiyar mangwaron makaranta na yi shi.

Lokacin ina tuƙa Oga Yakubu, minista-kansila a ofishin jakadancinmu na unguwar Zamalek, can ƙasar Misirawa. Ga wanda bai san tsarin ba, shi ne na ƙasa da jakada. In jakada ya yi tafiya, shi ke riƙe ofis. Mutumin kirki ne, sai dai yana da ciwo guda: tara sa hannun mutanen da suka riƙe mulki a farkon ƙarni na sha tara, wazirai da gwamnoni da manzannin sarakuna. Wata takardar ba ta wuce tafin hannu ba, ɗan rubutu da hatimi a ƙasa, amma in ya samo ta sai ya wuni yana murmushi kamar an yi masa haihuwa. A wata jakar fata yake ajiye su, kuma makullin jakar yana aljihuna. Ko madam ba ta taɓa shi. Da wannan nake cika baki a wurin shan shayinmu na unguwar Ainu Shams.

Sai ga Malam Ɗahir ya shigo rayuwarmu. Bahaushen Sudan ne, sa'ana, ya tashi cikin masu sayar da tsofaffin littattafai, shi ke tantance wa Oga ta gaske da ta jabu. Daga zuwansa aka zaunar da shi a kujerar baya, gefen Oga, wurin da ni mai wanke motar ban taɓa ɗora mazaunaina ba. Ina kallonsu ta madubi. Ya ɗaga takarda ga hasken rana, ya nuna wa Oga 'yan jinjirin wata da ke ɓoye cikin jikinta, ya shinshina ta, su yi ta dariya da Larabci. Ni kuwa sai dai in ji Malam Ɗahir ya ce, "Ya usta, rage gudu, takarda ba ta son girgiza." Usta ai direba ke nan a bakin Misirawa. Ko sunana bai koya ba. Na rantse muku, akwai ramin da ke kan hanyarmu wanda dominsa kaɗai nake faɗawa.

Abin da ya fi ba ni haushi, duk iliminsa, farar takarda kawai yake naɗe su da ita. A garinmu kuwa duk abin da ke da daraja leda ake manna masa da injin zafi: takardar haihuwa, ta fili, ta aure. Ni har hoton mahaifina na kai an yi wa. Na ce a raina, a nan zan kayar da shi.

Ran Alhamis ɗin Oga ya karɓo wadda ya daɗe yana nema, ta wani waziri, da sa hannunsa da hatiminsa. Yana da taro, sai ya miƙo mini ya ce, "Baba Ado, kulle ta a jaka, ka kai gida. Da la'asar Malam Ɗahir zai zo mu duba."

Na ce, "An gama, Yallaɓai."

Ban nufi gida ba. Unguwar Abbasiya na miƙe, shagon da ɗalibanmu ke kai takardun shaidar karatunsu a manna musu leda. Mai shagon ya juya takardar, ya dube ni ya ce, "Ya hajj, wannan fa tsohuwa ce. Ka tabbata?"

Na ce, "Shi ya sa na kawo ta. Yalla, maza sa mai kauri."

Ta fito daga injin da ɗuminta, tana sheƙi. Har na sa ya bi gefen da ya ɗan cinye da almakashi, ya daidaita shi tsaf.

Da la'asar na shiga falo da sallama, su biyu suna zaune ga shayi. Na buɗe jaka, na fiddo waziri, na ƙwanƙwasa shi a kan tebur don su ji ƙarfinsa. Na ce, "Yallaɓai, yanzu ko cikin kogin Nilu ta faɗa, ba abin da zai same ta." Na ɗan saci kallon Malam Ɗahir.

Malam Ɗahir ya karɓa, ya je bakin taga ya ɗaga ta. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, a hankali, zafi ya narkar da gam ya shige cikin takardar, in aka ɓare ledar da rubutun za ta taho. Masu wannan harka, in ji shi, abin da suke so shi ne takarda yadda hannun mai ita ya bar ta, har da cinyewar gefenta. Khalas, ta lalace ke nan.

Oga bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya cire tabarau ya ce, "Baba Ado, me na yi maka?"

Na ce, "Gyara na yi niyya, Yallaɓai."

Malam Ɗahir ya ce, "Ma'alish, a yi haƙuri, ranka ya daɗe, ƙauna ce ta sa shi." Wannan roƙon nasa ya fi mini zafi fiye da mari. Oga ya miƙo hannu kawai. Na lalubo makullin na ɗora masa a tafi. Bai kore ni ba, amma har aka mayar da Oga gida ƙasarmu, makullin nan bai sake kwana a aljihuna ba.

To, abin da na koya ke nan, ku riƙe. Abin da aka ba direba ya kai, ya kai shi yadda aka ba shi. Madubin nan kuma don motocin da ke bayanka aka sa shi, ba don ƙirga wanda ke dariya da Oga ba.

Ranar ni aka sa in sauke Malam Ɗahir a tashar jirgin ƙasa. Ya buɗe ƙofar gaba ya zauna kusa da ni. Sai da zai fita ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Ado, na san da ni kake. Amma ni duk zaman da na yi a bayan motar nan, shayi kawai nake samu. Ban taɓa riƙe takardarsa ba sai yana tsaye a kaina. Kai ne ya ba makulli."