Mutum Uku a Gaban Rediyo

Shekarun baya, tun Bature na mulki, ina ƙaramin malamin ofis a Haɗeja, aka ba ni takarda aka ce in zaga ƙauyukan da aka ajiye wa akwatin rediyo in ƙirga masu saurare. Inda babu jama'a, a ɗauke akwatin a kai wani gari, don batir wuya yake yi. Ni kuwa lokacin ji nake da kaina, wando kaki, fensir a bayan kunne, kai ka ce ni na ƙera rediyon.

Na isa wani ƙauye a bayan Guri, ruwa ya cika fadama. Da la'asar aka kunna akwatin a ƙofar gidan mai gari. Na duba, mutum uku: mai gari, wani makaho, sai wani tsoho da ya baro kwalekwalensa a bakin ruwa, yana saurare leɓensa na motsi.

Tsohon ya ce, "Malam, me kake rubutawa?"

Na ce, "Masu saurare, Baba."

"To, ka rubuta muna da yawa."

Na yi dariya na ce ni abin da idona ya gani nake rubutawa. Na rubuta uku. Kafin ruwa ya janye aka ɗauke akwatin.

Da rani muka haɗu da tsohon a kasuwar Haɗeja, shi ya gane ni. Ya ce, "Malam, ƙarfin jefa birgi in kamo kifi ya bar ni tuni. Aikin da ya rage mini shi ne in haddace labarai, in tuƙa jirgi in kai wa masunta tunga-tunga. Matan gari kuma ta bayan katangar mai gari suke ji. Yanzu in na je tunga aka ce, Baba me duniya ke ciki, sai in ce ban sani ba."

Bai ɗaga murya ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na roƙi shugabanmu a gyara, ya ce takarda ta riga ta wuce.

Babu mai cewa na yi ƙarya, mutum uku na gani. Amma takardar ba ta da gurbin wanda ke bayan katanga ko cikin ruwa, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya. Har yau abin na ci mini rai. Mutumin ya faɗa mini gaskiya da bakinsa, na yi masa dariya.