Audugar Kunnen Ya Aisa

Duk macen da ta tashi a lungunmu na Soron Ɗinki, kanta ya taɓa shiga tsakanin gwiwoyin Ya Aisa mai kitso. Ni Sa'ida da nake ba ku labarin, ita ta yi min kitson sallah ina 'yar mitsitsiya, ita ta yi min na aure, kuma har gobe in ta finciko min gashin ƙeya sai na ji kamar ban girma ba. Babarbariya ce. Kakanninta sun zo daga Barno da allo da tawada, ita kuma Allah ya ba ta kibiya da mataji. Mijinta ya rasu tun ina firamare, haihuwa kuma Allah bai kawo ba. Ɗaki ɗaya gare ta a wani tsohon gida da ya koma na haya, sai 'yar rumfa a ƙofar ɗakin, da kujera 'yar tsugunno wadda ta sha zama har ta yi santsi.

In ka cire Allah, abin da take da shi a duniya Hajiya Baraka ce, wata Bafulatana da ke bayan masallacin lungun. Kun dai san Fulani da Barebari, ba a haɗuwa a rabu ba tsiya. Tun daga soro za ka ji Hajiya Baraka ta ɗaga murya, "Ina baiwar tawa take?"

Ya Aisa ta amsa daga rumfa, "Ga uwar ɗakinki nan. Cire takalmi ki shigo da ladabi."

Kowace Alhamis bayan la'asar haka ake yi, tun kafin a haife ni. Da can, an ce gashin Hajiya Baraka har gadon baya. Yanzu ya yi fari fat, ya zube, wanda ya rage ko yarinya mai koyo ta gama shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Amma Ya Aisa sai ta yi ta jan sa har a kira magariba.

Ana haka wani fim mai dogon zango ya shigo gari, irin na ƙasar waje da ake fassarawa da Hausa, wai shi Ƙofar Jiya. Labarin wani saurayi ne da mai fassarar ya raɗa wa suna Gali. Ya gano wata ƙofa a tsohon gidansu, in ya shiga sai ya ɓullo a shekarun baya, burinsa kuma ɗaya ne: ya ceto uwarsa da ta mutu a gobara yana yaro. Jikar Hajiya Baraka, Yusra, ita ke karɓo mata kowane sabon kashi wurin masu turi a waya. Sai Hajiya ta zauna a tabarma, ta ɗaga wayar sama, Ya Aisa na kitso tana leƙe ta saman kanta. "Ɗaga hannun mana, ƙeyarki na zo kallo?" Haka suka kalli fim ɗin tun daga farko. Ya Aisa ba ta taɓa ganin ko kashi ɗaya ba sai ta saman furfurar Baraka.

Saura kashi na ƙarshe ya fito aka raba gadon gidan su Hajiya Baraka, aka sayar da shi. Ɗanta Abdulmuttalib ya zo da mota ya ɗauke ta zuwa sabon gidansa, can gaba da Ƙofar Kabuga, wajen da gidaje ke da geti kuma maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Ina tsaye ranar. Hajiya ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Aisa, in kika kalli na ƙarshen nan ba ni, ban yafe ba."

"Jakar uba! A kan wa zan kalla?" in ji Ya Aisa. Suka yi dariya su biyu. Ni dai na juyar da fuska.

To, kashin ƙarshe ya fito, garin ya ɗauka. Ban taɓa ganin fim ya haɗa mutane faɗa haka ba. A zauren WhatsApp na matan lungunmu sai da aka yi baram-baram, Sumayya ta fice, aka dawo da ita, ta sake ficewa. Ladi ta rantse ba ta ƙara ɓata lokacinta a kan fim ɗin da ba a san darajar uwa ba. Wasu suka ce a'a, wannan shi ne daidai, ƙaddara ba ta da gyara. A teburin mai shayi maganar kenan, a cikin adaidaita sahu ita ce, hatta malamarmu ta islamiyya sai da ta ja mana kunne a kai, daga jin yadda take bayani kuma ka san ta kalla. Abin da ya faru a ciki ba zan faɗa muku yanzu ba. Ku ma ku ɗan ɗanɗana abin da Ya Aisa ta sha.

Ku duba sana'arta. Tela ya iya rufe shago, mai niƙa injinsa ya ishe shi ƙara. Ita kuwa bakin mutane ne ke zuwa har gabanta ya zauna. Sai ta sayo auduga ta toshe kunnuwanta, ta ja ɗankwali ta rufe, ta kafa doka: duk mai son kitso ta bar Gali a soro tare da takalminta. Ladi ta ɗauka wasa ne. An raba mata kai biyu, an gama ɓari ɗaya, ta ce, "Ni fa Ya Aisa, abin da ya ba ni haushi, da ya isa gidan..."

Ya Aisa ta zare hannunta. "Tashi."

"Haba Ya Aisa, da rabin kai?"

"Da rabin kan. Tashi, tun ban saɓa miki ba."

Haka Ladi ta fita tana cusa gashi a hijabi, ta kuma bi gida-gida tana cewa tsohuwar ta fara ruɗewa. Mata suka ja baya. Ban ga laifinsu sosai ba, kitso ba hira ai horo ne. Ya Aisa ta daina zuwa suna da biki, don nan ne ba ta da iko da bakin kowa. In ta fita sayen cefane sai ta bi jikin katanga da sauri kamar mai gudun ruwa. Rumfar da da sai ka jira layi, ta koma sai kajin 'yan haya. Duk da haka kowace Alhamis sai ta shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ta ajiye man kitso a gefe, in an kira magariba ta naɗe.

Da wayata take kiran Hajiya Baraka. Yau a ce ƙafa ce ta matsa mata, gobe direba ya kai yara makaranta, jibi sai wani satin in Allah ya kai mu. Raina ya ɓaci. Na ce, "Ya Aisa, ga shi a wayata. Ki kalla ki huta, wa zai gaya mata?"

Ta zaro audugar kunne ɗaya, na maimaita. Ta ce, "Alkawari kaya ne, 'yar nan," ta mayar da abarta.

Da na ga damina ta shigo har tana shirin fita ba Hajiya ba labarinta, na ce ta shirya, ni zan kai ta. Ta ƙulle kibiya da mataji da man kitso a tsumma, ta ɗebi turaren wuta na tsaraba, muka tari adaidaita.

Kada in ci amanar Hajiya Baraka, ta yi murna ta gaske. Ta taso da sandarta tana "Baiwata! Baiwata!" suka rungume juna suna kuka suna zagin kakannin juna. Aka kawo lemo. Ya Aisa ko kallonsa ba ta yi ba, ta kwance ƙullinta ta ce, "Sauko ƙasa, kwance ɗankwalin."

Hajiya ta dafe kai. "Bari dai mu fara kallon tukuna."

Ya Aisa ta miƙa hannu ta zame ɗankwalin. Sabon kitso ne a ƙasa, ƙanana, a jere ras, ko kwana uku bai yi ba. Yusra ta ce, "Ai akwai mai zuwa gida ta yi mana gaba ɗaya." Ba da mugunta ta faɗa ba. Ya Aisa ta bi layi ɗaya da yatsa tun daga goshi har ƙeya, ta ce, "Ta ja miki gaba da yawa." Ita da kanta ta mayar mata da ɗankwalin ta ɗaura.

Suka zauna gefe da gefe a kujera mai laushi, aka kunna talabijin ɗin bango. Ya Aisa ta cire audugar duka biyu ta riƙe a hannu. Ga abin da ya tayar da garin: Gali ya shiga ƙofar a karo na ƙarshe, ya gano cewa uwar tasa ta mutu ne wajen fito da 'ya'yan maƙwabta daga wutar, in ya janye ta su za su ƙone. Sai ya je a matsayin baƙo, ya yi sallama, ya roƙi ruwa, ta ba shi, ya sha, ya juya ya tafi. Shi kenan. Amma tun yana kan hanya, bai ko ƙarasa ƙofar gidan ba, Hajiya Baraka ta kai bakin mayafi ido, ta ce a hankali, "Wayyo, ruwa kawai zai sha."

Na dubi Ya Aisa, ba ta juyo ba. Da Gali ya juya zai tafi, Hajiya ta zaro ido ta tafa hannu, "La ilaha illallahu! Tafiya zai yi?"

Ya Aisa ta ce, "Wallahi kuwa, baiwata. Wa ya yi zato."

A hanyar dawowa ni ce nake ta tafasa. Na ce mata Hajiya laifi biyu ta yi, ta riga ta kalla kuma ta yi mana wasan kwaikwayo, alhali ke kin kori masu kitso saboda ita. Muna wuce Kabuga Ya Aisa ta ce, "Jikoki sun kunna a falo, ta tashi ta fita ne? Ai ta yi ƙoƙari. Ba ki ga yadda ta zaro ido ba?" Ta yar da audugar a titi.

Washegari ta aika lungu cewa an ɗage doka. Ladi ce ta fara zuwa. Ko tsifa ba a gama ba Ya Aisa ta ce, "Ke Ladi, kuna ta zagin yaron nan Gali, kin kuwa lura hannunsa rawa yake da ya karɓi kofin?"

"Wane Gali?" in ji Ladi. "Au! Haba Ya Aisa, ai wannan ya tsufa. Yanzu wani muke kallo na likitoci."

Ta gwada Sumayya, ta gwada matan hayar gidan. Wadda ta tuna ta ce ta gaji da maganar, wadda ta manta ta yi dariya. Mutanen da suka kusa cinye juna a kan kofin ruwan nan, yanzu ba mai ba shi ko minti ɗaya. Abin ya tsaya min a rai.

Ranar Alhamis bayan la'asar na shiga, na tarar da tabarma a shimfiɗe. Kaina bai isa tsifa ba, amma na zauna, na kwance ɗankwali, na kunna kashin ƙarshe na ɗaga wayar sama. Hannuna ya yi tsami, ban sauke ba. Da aka zo wajen kofin, yatsunta suka tsaya cak a kaina.

"Kin gani?"

Na ce, "Na gani. Rawa yake."

Ba ta ci gaba da kitson ba. Can ta ɗan danna kaina da tafin hannunta.

"Kin fi ta tsayi," ta ce. "Sunkuya kaɗan."