Abin da Aka Faɗa a Cinyar Sakinatu

Duk macen da ta taɓa zama gaban mai kitso ta san da zarar an danne kai, baki ne yake buɗewa. Ƙasa kike kallo, ba idon kowa ba, sai ki ji kina faɗin abin da ko uwarki ba ki faɗa wa ba. A ƙauyenmu, can bayan Bagwai, Sakinatu ce take da kawunanmu duka. Ni maƙwabciyarta ce, dangar kara ce tsakaninmu, kuma kaina tsauri gare shi, don haka na fi kowa daɗewa a gabanta.

Tare muka shiga ajin yaƙi da jahilci na matan aure. Mu muka koyi rubuta sunanmu muka ce Alhamdulillahi, ita kuwa abin ya kama ta kamar cin goro. Ta kafa wa kanta doka: in ta idar da sallar asuba ta ɗora ruwan koko, sai ta kifa turmi ta zauna, ta yi ta rubuta labari har rana ta taɓa kan danga. Takardar buhun siminti take yankawa ta kakkaɓe. Fensir in ya gajarce, ta cusa shi cikin kara ta ci gaba. Mijinta Mika'ilu yakan ce bai taɓa ganin koko mai jiran labari ba sai a gidansa.

Shekarar da aka canja kuɗi, damina ta yi mana gardama. Gero ya bushe tun bai fid da kai ba, sabulu ma sai an yi layi. Gonar Mika'ilu ba ta ba shi abin kirki ba, sai kitson Sakinatu ya riƙe tukunyarsu: wannan ta kawo ɗan gero a gefen zane, waccan ta kawo kuka ko daddawa.

A wannan shekarar aka yi suna gidan Malam Khalilu, limaminmu. Abinci bai taka kara ya karya ba, sai wata ta ce Sakinatu ta karanta mana labari mu manta da cikinmu. Ta karanta na wata mata da kukan 'ya'yanta ya ishe ta, ta riƙa kwance buhun irin da mijinta ya ajiye don shuka, tana ɗiba tana dama musu kunu, da ya tambaya ta ce ɓeraye ne. Muka yi dariya, wasu suka share ido. Sai dai matar cikin labarin tana da wushirya, tana kuma da akuya mai ƙaho ɗaya. Kaf ƙauyen mace ɗaya ce haka, Huseina matar Basiru, ga ta nan zaune a cikinmu. Ta miƙe ta yafa mayafinta ta fita, ko sai an jima ba ta ce ba.

Taɓa irin shuka ba ƙaramin abu ba ne a gidan manomi. Sakinatu ta je gidansu ba da haƙuri. Basiru ta fara tararwa a zaure, ya yi dariya ya ce, "Ai na sani tun tuni. Wane ɓera ne yake ci ya ɗaure bakin buhu?"

Huseina kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba Basiru ne damuwata ba. A cinyarki na faɗa, Sakinatu."

Daga ranar tabarmar kitso ta koma wurin kwanciyar kaji. Mata suka gwammace su taka har ƙauyen gaba. Ni ma na ɗaure kaina da kallabi na daina zuwa kitso, don kowace mace tana da nata ɓerayen. Tukunyar gidan Mika'ilu ta fara kwana ba wuta, kuma wallahi abin ya yi mini ciwo.

Na zaci za ta jefa takardun a murhu. Ina! Kullum da asuba tana kan turminta, ina hangen ta ta kafar danga tana tauna gindin fensir. Wata safiya ta ce da ni, "Ashe duk kwanakin nan ba ƙirƙira nake ba, kwasa nake." Ta koma bin hanyar rijiya da ta kasuwa tana kallon mutane. Ta ari tafiyar mai amalanke, ta ari masifar mai sayar da gishiri, baƙin cikin kuma ta ɗebo a nata cikin, tunda yanzu tana da shi isasshe. Labaran suka fi na da daɗi, sai dai ba mai saurara sai ni da Mika'ilu.

Ana nan, wata rana da hantsi sai ga Iyatu, wata tsohuwa daga unguwar Kiristoci ta ƙetaren rafi, wadda take kawo mana daddawa. Ta yi sallama, ta kori kaji, ta zauna a tabarma ta kwance ɗankwali. Kan nan ba komai sai 'yar furfura nan da can.

Sakinatu ta ce, "Inna, me zan kama a nan?"

"Ke dai ɗora hannunki. An ce abin da aka faɗa miki ba ya ɓacewa, shi na zo nema."

Sakinatu ta ɗora hannu tana shafawa. Iyatu ta sunkuyar da kai ta ba da labarin ɗanta Buwai, wanda ya rasu a farin da aka yi kafin wannan, bai ko isa kiwo ba. Ta faɗi yadda yake tsoron zakara, da yadda yake ɓoye gyaɗa a kumatu ya rantse bai ci ba. Ina bayan danga ina kuka kamar ni na haife shi.

Da ta gama, Sakinatu ta ce, "In zan rubuta, zan sake masa suna, Inna, in kai shi wani gari."

"Kul! In kin sake, me na zo yi? Ubansa ya tafi, waɗanda suka goya shi sun ƙare. In na bi su, ba sauran mai cewa Buwai."

Ranar da Iyatu ta dawo jin labarin, da surukanta biyu ta zo, kowacce kanta a tsefe. Mu ma na kusa muka shiga, wai mun zo gaishe da tsohuwa. Huseina ta tsaya a bakin ƙofa. Sakinatu ta fara karantawa. Kafin ta kai ƙarshe, Huseina ta shigo ta zauna a gefen tabarma, ta zare kallabi ta fara tsifa.

Iyatu ba ta iya karatu ba. Ta jawo takardar ta ce a nuna mata wurin. Sakinatu ta kama yatsanta ta ɗora a kan sunan.

"Nan ne?"

"Nan ne, Inna."

Ta daɗe yatsanta na wurin, sannan ta ce, "Ashe a takardar ma ɗan ƙarami ne."