Ruwan da Bai Canja Ba

Har yau in na buɗe kwalbar jabel, ruwan bilicin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, warinsa ya bugi hancina, sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu na Garwa, ina 'yar yarinya tsaye a bakin rijiyar kakana. In ka ga ina ɗiga maganin nan a randa kullum, kada ka ɗauka tsafta ce ta yi min yawa. Tsoro ne, kuma ina da dalilina.

Kakana ne ya sa aka haƙa rijiyar tun kafin a haifi babana. Ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, ya kuma yi karatun littattafai daidai gwargwado. Ko a bazara, lokacin da zafin Garwa ke gasa mutum da ransa, ruwanta sanyi ƙalau. Ba a hana kowa ɗiba. Matan Fulanin unguwa su shigo da gaisuwarsu ta "Jam na?", su fita da tulu a ka suna godiya da "Usoko."

Kowace safiya shi yake jan gugan farko. Ya zuba a moɗarsa, ya ɗaga ya duba, ya sansana, sannan ya kurɓa. Launi, wari, ɗanɗano. Abin da ya karanta a fiƙihu ke nan: muddin ɗayan ukun nan bai canja ba, ruwa mai tsarki ne. A gefensa kullum za ka ga ƙanwata, autar gidanmu, wadda yake tsokana da "amaryata". Shi ya kurɓa, ita ta shanye sauran, ta goge baki ta ce ba ta son miji mai furfura.

Sai shekarun matsi suka zo. Aka zabge albashin ma'aikata, kasuwa ta yi sanyi. Maƙwabcinmu, wani mahauci mutumin kirki, ya yayyanka gidansa ɗaki-ɗaki ya zuba 'yan haya, wasu daga Mora, wasu daga Mindif. Salga ɗaya ba ta ishe su ba, sai ya haƙa ta biyu a jikin katangar da ta raba mu. Rijiya a wannan gefe, salga a wancan. In kana jan guga, kana jin tarin wanda ya shiga.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Ƙasa ta sha ta ƙoshi, ruwan rijiya ya hau har igiya ta yi mana yawa. Mu yara murna muke yi, don jan ruwa ya yi sauƙi. Daga nan aka fara jin amai da gudawa a unguwa, yau wannan gida, gobe wancan.

Wani ma'aikacin lafiya ya zo da farar riga da kwalabe a jaka. Ya leƙa rijiya, ya leƙa bayan katanga, ya girgiza kai. Cikin ladabi ya ce, "Baba, abin da ke cikin salgar can yana bin ƙasa yana shigowa nan. Kada a sha sai an sa jabel."

Kakana bai yi masa gardama ba. Ya sa aka kawo moɗa biyu, ɗaya ruwan rijiya zalla, ɗaya wanda aka ɗiga wa magani. Ya duba, ya sansana, ya kurɓa. Sai ya ɗaga mai maganin ya ce, "Ɗana, wannan shi ne ruwan da ya canja. Ko alwala ba zan yi da shi ba."

Matan gida dai suka bi maganar mai farar riga, suka zuba jabel a randuna. Kakana ya ci gaba da gugansa na safe. Ƙanwata kuwa ta ƙi ruwan randa ƙememe, wai warin wanki yake yi. Da ƙishirwa ta kama ta sai ta ruga wajensa, shi kuma ya miƙa mata moɗa yana dariya. "Amaryata ba za ta sha ruwan wanki ba."

Ciwon ya kama ta da hantsi. Kafin azahar idanunta sun faɗa, fatar hannunta ta yamutse kamar ta tsohuwa. Babana ya saɓe ta a kafaɗa zuwa asibiti, inda aka riga aka shimfiɗa mutane har baranda. Aka ɗaura mata ruwa, amma jikin ya riga ya tafi. Shi kakana, da ya sha ruwan fiye da kowa, ko ciwon kai bai yi ba. Na daɗe ina jin haushin wannan, ba zan ɓoye maka ba.

Washegarin jana'iza na gan shi a bakin rijiya. Ya ja guga, ya zuba a moɗa. Ya duba. Ya sansana. Ya kurɓa. Ya daɗe tsaye, ragowar ruwan na hannunsa, babu mai karɓa. Da ya juyo ya gan ni, muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Jikata, har yanzu bai canja ba."

Ranar ya kira magini aka toshe bakin rijiyar da siminti. Har ya bar duniya da ruwan jabel yake alwala, kuma ban sake jin ya yanke hukunci a kan ruwa ba.

Yanzu ni ma na yi furfura. Unguwar ta cushe, famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa, kusan kowane gida ya koma haƙa rijiya, ga salgar maƙwabci a bayan katanga. Ina shiga gidaje ina faɗa, har an fara ce min sarkin tsafta. Kwanan baya wata matashiya mai goyo ta gaji da surutuna, ta ɗebo ruwan rijiyarsu a kofi ta ɗaga min cikin hasken rana.

"Inna, duba mana," in ji ta. "Garau yake."

Na duba. Garau yake kuwa, kamar namu na wancan lokacin.